Muna so mu koma cin abincin faliyo da yara uku ƙanana a gida: ta ina za mu fara?

Uwar-Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni da maigidana mun yanke shawarar komawa tsarin abincin faliyo, wanda ake cewa na mutanen zamanin dutse ne. Yadda na fahimce shi, ba hatsi, ba wake da gyaɗa, ba madara, ba sukari, ba abincin kamfani. Sai nama, kifi, ƙwai, ganye, kayan marmari da su doya da dankali. Yaranmu uku: babban shekara 6, ta tsakiya shekara 3, autan wata 14 kuma bai kai yaye ba. Dukansu lafiya lau, ba wanda likita ya hana cin wani abu. Girki biyu a gida ɗaya ba zai yiwu mini ba. Shin mu sauya gaba ɗaya ko sannu a hankali? Me zai maye gurbin tuwo, kunu da madara? Akwai abin tsoro ga autan?

Mai Awon Yara ta amsa:

Wa alaikumus salam, Maman yara. Cire sukari, lemon kwalba, biskit da taliyar leda daga gida alheri ne, kuma ko yau kika fara ba abin da zai samu yaran. Inda nake roƙonki ki tsaya shi ne madara. Ke da maigida kun gama gina ƙashinku, su kuwa yanzu suke ginawa.

Ga lissafin. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, miligiram 700 a rana, ɗan shekara 4 zuwa 8 kuma miligiram 1,000. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, mai cin mililita 250, yana ba da kusan 300. Kofi biyu sun kusa biya wa 'yar shekara 3 bukatarta. Yanzu cire madarar ki gani: gwangwanin sadin guda da ƙayarsa yana ba da wajen 340, kofin dafaffen kabeji wajen 70, rabin kofin kuɓewa 60, lemon zaƙi ɗaya 55, ƙwai ɗaya 25. Duka sun tashi 550, ba a ma kai ba, kuma wace 'yar shekara 3 ce za ta cinye gwangwanin sadin da kofin kabeji kowace rana ta Allah? Alayyahu da riɗi suna da kalsiyam a takarda, amma suna ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure shi, hanji ba ya samun ya tsotse duka. Kuka da zogale suna taimakawa ƙwarai, sai dai abin da ke shiga cikin yaro daga miya cokali ɗaya ne ko biyu na gari.

Wannan ba tsoratarwa ba ce daga wata ƙasa. A Jos aka yi binciken da aka wallafa a 1999 kan yara masu laushin ƙashi, waɗanda ƙafafunsu suka lanƙwashe ko suka gwame. An tarar hasken rana, wanda ke taimaka wa jiki gina ƙashi, bai yi musu ƙaranci ba, kalsiyam ne ya yi, domin abin da suke samu bai wuce miligiram 200 a rana ba, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashin ya warke. Abincinsu ba madara ne a ciki. Abin da talauci ya jawo wa wasu, kada mu ɗora wa namu da hannunmu.

Idan kun dage sai kun rage madara, abin da ya fi kusa da maye gurbinta shi ne ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙashi. A wanke su sosai da ruwan ɗumi, a shanya su bushe ƙarau, a daka su zama gari laushi, a tankaɗe, a riƙa zuba cokali ɗaya a miyar yaro ko fatensa. A Jos ɗin ma an gwada garin kifi wajen maganin laushin ƙashi kuma ya yi aiki. Ki sayi kifin wurin wanda kika yarda da shi, saboda wasu na fesa maganin ƙwari a kan busasshen kifi don kada tsutsa ta ci. Duk da haka shawarata ita ce garin kifin ya zama ƙari, kindirmo ya zauna: kofi biyu ga ta tsakiya, biyu zuwa uku ga babban, ba sukari, kuma na madarar da aka tafasa kafin a kwantar da ita.

Autan kuwa a fitar da shi daga wannan tsari gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye, kuma yaro daga wata 6 zuwa 23 ya ci aƙalla rukuni 5 cikin rukunan abinci 8 a kowace rana. Faliyo yana share rukunin madara ɗungurungum, ya yanke rabin rukunin hatsi da saiwa, ya yanke rabin na wake da ƙwayoyi. Cikin ɗan wata 14 bai ɗaukar fiye da kofi ɗaya a zama guda. Ki ba shi abinci sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani, mai kauri wanda ba ya zubowa daga cokali. Ke ma mai shayarwa ce, kada ki rage cin abinci a wannan lokaci.

Anti Mai Girki ta amsa:

'Yar uwa, na yarda da maganar madara, ba ni da ja. Ni ɓangaren tukunya zan taɓa, domin girki ɗaya zai yiwu: a dafa miya da nama iri ɗaya, yara a ƙara musu abu ɗaya ko biyu a gefe.

Kada ki sauya a rana ɗaya. Yaron da ya tashi da safe ya tarar ba shayi, ba burodi, ba indomi, ba kunu, zai rufe baki ne, ke kuma ki karaya kafin Juma'a. Ki ɗauki mako shida. Mako biyun farko abin sha da abin taɓawa kawai za ki taɓa: lemon kwalba da na kwali su fita, ruwa da kindirmo su shigo; biskit da alewa su fita, ayaba, gwanda, kankana, dafaffen ƙwai da dafaffen dankalin Hausa su shigo. Idan sun saba da sukari cokali biyu a kunu, ki mai da shi ɗaya da rabi, bayan kwana huɗu ɗaya, haka har ya ƙare. Harshe yana sabawa idan ba a fizge masa ba.

Mako na uku da na huɗu karin kumallo. Wainar ƙwai da albasa da tumatir tare da dankalin Hausa, ko faten doya da manja da garin kifi, ko dafaffen agade da miyar ƙwai. Sai mako biyun ƙarshe ki taɓa tuwo, domin shi ne mai wuya.

Abin da zai tsaya a madadin tuwo yana da yawa: sakwara, amala ta garin doya, tuwon garin ɗanyen agade, tuwon makani. Na agade ga yadda ake yi: a fere ɗanye kore shar, a yanka siriri, a shanya kwana biyu zuwa uku har ya riƙa karyewa ƙas, a niƙa a tankaɗe. Kofi ɗaya na gari ga ruwa kofi biyu zuwa biyu da rabi. Ki dama rabin garin da ruwan sanyi ki zuba a tafasasshen ruwa kamar talge, sannan ki riƙa barbaɗa sauran kina tuƙawa, ki rage wuta ki rufe ya turara minti biyar. Idan kika juye garin duka a tafasasshen ruwa zai yi gudaji. Idan agaden ya fara nuna kafin a shanya, tuwon zai yi zaƙi ya yi danƙo, ba zai mulmulu ba. Launinsa yana yin duhu, yara kan ƙi shi don haka, saboda haka ki fara da sakwara wadda suka sani.

Rogo a yi hattara da shi. Mai zaƙi a fere da kauri, a dafa har ya yi laushi a tukunya buɗe, a zubar da ruwan. Mai ɗaci sai an jiƙa shi kwana 3 zuwa 5 ya yi tsami an shanya, domin yana da guba. Kuma rogo kusan sitaci ne zalla, ba ya gina jiki, kada ya zama abincin kullum.

Babban kuskuren masu fara faliyo da yara shi ne su cika faranti da nama da ganye su manta da sitaci. Babba mai son rage ƙiba wannan zai yi masa daɗi, yaro kuwa rama zai yi. Daga shekara 1 zuwa sama ana so yaro ya samu sitaci da zaƙin 'ya'yan itace giram 130 a rana. A aikace: dafaffiyar doya giram 200 tana ba da kusan 55, dankalin Hausa giram 150 kusan 28, ayaba matsakaiciya 27, kofin yankakken mangwaro 25. Kin ga sai an haɗa waɗannan duka a yini ɗaya ake kaiwa. Doya da dankali suna cika ciki da wuri saboda ruwan da ke jikinsu, don haka ki ƙara cokalin shayi ɗaya ko biyu na manja ko man zaitun a kwanon kowane yaro, ko rabin fiya. Nama kuwa ba a bukatar tuli: furotin giram 13 ya ishi ɗan shekara 1 zuwa 3, giram 19 ɗan shekara 4 zuwa 8, ƙwai ɗaya kuma yana da 6. Ƙwai ɗaya da yankan kifi ko nama kamar tafin hannun yaron sun wadatar. Wannan zai sauƙaƙa wa aljihun maigida ma.

Miyarmu yawanci ba ta saɓa wa tsarin ba: kuka, kuɓewa, agushi, zogale, taushe idan an sa riɗi ko agushi a madadin gyaɗa. Daddawa 'ya'yan ɗorawa ce, dangin wake, masu tsanani za su ce a cire. Ni ba zan cire ba. In kin daina dunƙulen ɗanɗano kuma kika cire daddawa, miyar za ta yi lami, yara su ƙi ci.

Kashu, aya da kwakwa kada a ba wanda bai kai shekara 5 ba a dunƙule, suna shaƙe yaro. A niƙa su. Sabon abinci kuma a sa shi ɗan kaɗan kusa da wanda yaro ya sani, ba tilas ba cin hanci. Wani sai an kawo masa sau goma ko fiye kafin ya karɓa.

Uwar-Uku ta rubuta:

Allah ya saka da alheri. To a wuraren da na karanta ana ta yabon romon ƙashi da hanta, wai sun fi madara. Akwai kuma masu cewa kunun aya ko madarar kwakwa sun isa. Gishiri ma an ce a koma na teku ko jan nan na dutse. Yaya gaskiyar waɗannan?

Malam Mai Magani ya amsa:

Hajiya, ukun nan duk a nan ake samun matsala, gara da kika tambaya.

Romon ƙashi yana da daɗi, yana gyara miya, amma kalsiyam ɗin da ke fita daga ƙashi zuwa ruwa kaɗan ne ƙwarai ko an kwana ana tafasawa. Ba ya kusantar madara. Kunun aya da madarar kwakwa na gida ma haka: fari ne a ido, amma furotin da kalsiyam ɗinsu ƙalilan ne. Abin sha ne na marmari. Yaron da ya cika ciki da su kafin abinci ya yi asara biyu.

Hanta abinci ce mai kyau ga jini, sai dai bitamin A ɗin da ke cikinta ya yi yawa, kuma jiki tara shi yake yi, ba ya fitar da shi a fitsari. Dafaffiyar hantar saniya giram 100 tana ɗauke da fiye da maikirogiram 7,000, alhali iyakar da aka sa wa ɗan shekara 1 zuwa 3 a rana 600 ce, ɗan 4 zuwa 8 kuma 900. Don haka cokali ɗaya na dakakkiyar hanta sau ɗaya a mako ya ishi ƙananan, babban cokali biyu. Kullum-kullum kuwa yana iya jawo ciwon kai, amai, ciwon ƙashi da lahani ga hantar yaron kansa. Ki tuna kuma ana ɗiga wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 bitamin A a lokutan rigakafi. A 2015 a Ostareliya kamfanin ɗab'i ya fasa fitar da wani littafin girkin faliyo na jarirai, bayan masana lafiya sun yi ca a kan wani haɗin hanta da romon ƙashi da aka ce a ba jariri a madadin madara; bitamin A ɗin da ke ciki ya ninka abin da jariri zai iya ɗauka kusan sau goma. Duk wanda ya ce miki ki haɗa wa autanki madara a gida da romo, ki toshe kunne. Manja, karas, kabewa, gwanda da mangwaro su ne hanyar da ba ta da wannan haɗari, domin jiki yana juya abin da yake bukata ne kawai.

Gishiri kuwa ki tsaya a kan na leda mai aidin. Yaro daga shekara 1 zuwa 8 yana bukatar aidin maikirogiram 90 a rana, don ƙwaƙwalwa da girma. Ƙasar arewa nesa take da teku, abin da aka shuka a cikinta ba ya ɗauke da aidin sosai, shi ya sa maƙoƙo ya yi yawa a da kafin a wajabta sa shi a gishiri. Jan gishirin dutse da yawancin gishirin teku ba a sa musu ba. A Suwidin an bi matan da suka yi faliyo, aka ga aidin ɗinsu ya sauka cikin wata shida, saboda sun bar madara sun rage gishiri. Idan kuma aka haɗa ƙarancin aidin da yawan cin rogo, abin ya fi muni, domin ragowar gubar rogo tana hana maƙogwaro ɗaukar aidin ɗin. A rage yawan gishiri, amma ɗan da za a sa ya zama mai aidin, a ajiye shi a rufe nesa da murhu, a zuba kusa da saukewa.

Zuma da masu faliyo ke sawa a madadin sukari: ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, autanki ya wuce nan, amma ga haƙori ita da sukari duk ɗaya ne. Dabino ma a yi kaɗan.

Baban Ɗalibai ya amsa:

Hajiya, ni tambayata ita ce me ya sa za a cire gero da wake tun farko. Tsarin nan ya samo ƙarfinsa daga wata maƙala da wasu masana biyu, Eaton da Konner, suka wallafa a Amurka a 1985, cewa jikinmu ya dace ne da abincin mafarauta kafin a fara noma. Amma masu tonon tarihi sun samu burbushin dawar daji a jikin duwatsun aiki a wani kogo a Mozambik, na kimanin shekara 100,000 da suka wuce. Gero kuma a yankin Sahel aka fara noma shi, fiye da shekara 4,000 ke nan. Fulani da yawa jikinsu na narkar da madara har tsufa, gado ne da ya samu bayan an fara kiwo. Gwaje-gwajen faliyo da aka yi yawancinsu a kan manya ne masu ƙiba ko ciwon sukari, na ɗan lokaci, ba a kan yara masu girma ba.

Abin da ake zargin hatsi da wake da shi gaskiya ne a wani ɓangare: suna da abin da ke rage wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da sinadarin zinki. Sai dai iyayenmu sun san maganinsa. Jiƙa gero ya kwana, barin gasara ta yi tsami, tsirar da dawa, jiƙa wake awa 8 zuwa 12 a zubar da ruwan kafin a dafa, duk suna rage shi. A haɗa da lemon zaƙi, gwaba ko garin ƙwallon kuka a lokacin cin, ƙarfen ya fi shiga jiki; shayi kuwa a nisanta shi da abinci da aƙalla awa ɗaya. Saboda haka ga yaran zan bar kunun gero mai kauri da safe, da wake ko alale sau biyu zuwa uku a mako. Abin da za a kora shi ne farar fulawa da kayan leda.

Gyaɗa ma kada a hana autan ba dalili. Binciken da aka yi a Ingila aka wallafa a 2015 ya nuna jariran da aka fara ba gyaɗa da wuri sun fi waɗanda aka hana tsira daga borin jinin gyaɗa. A ba shi a niƙe cikin kunu, a tsince wadda ta yi funfuna ko ta canja launi a zubar. Idan kuma kuna zargin alkama na ɓata wa wani yaro ciki, a yi gwaji kafin a daina ba shi, domin in an daina gwajin ba zai nuna komai ba.

Duk yadda kuka tsara, ku auna kafin ku fara. A rubuta nauyi da tsawon kowane yaro, a maimaita kowane wata a kan sikeli ɗaya, a duba a katin awo. Ƙananan biyu a auna damtsensu na hagu da tef ɗin asibiti: ƙasa da santimita 12.5 alamar tamowa ce, ƙasa da 11.5 ta yi tsanani, asibiti a ranar. Nauyin da ya tsaya wata biyu a jere, kasala, yawan kuka, farin tafin hannu da cikin fatar ido, cin ƙasa, ko ciwon ƙafa da dare, kowanne dalili ne na mai da abin da aka cire a kuma ga likita. Taurin bayan gida a makon farko yawanci daga yawan nama da ɗanyen agade ne tare da ƙarancin ruwa: a rage naman, a ƙara gwanda, kuɓewa da ruwa, in ya wuce kwana uku ko aka ga jini a kai yaron asibiti.